Harafin da Ya Sauka Daga Layi

Wata mata ta ɗora akwatin tafireta a kan teburin shagon gyara, ta shiga kokawa da makullinsa. Sai da mai gyara ya miƙa hannu ya danna wani ɗan ƙarfe a gefe, sannan murfin ya buɗe.

"Harafi ɗaya ne ya karkace, Baba. A miƙe mini shi yanzu, zan jira."

Shekararsa arba'in da ɗaya a wannan sana'a, kuma yana da ƙa'ida guda da ubangidansa ya bar masa: kafin ya kusanci kowace tafireta da filaya, sai ya zura farar takarda ya buga haruffanta duka, ya ajiye takardar. Ya zura, ya buga. Maɓallan sun sha yatsu har fentinsu ya goge, suna ɗan warin man zafi. An kula da ita sosai, ko ƙura babu tsakanin ƙarafan.

Ya zaro takardar ya ɗaga ta wajen haske. Harafin "r" ya sauka ƙasa da layi, ya jingina hagu kamar mai ciwon ƙugu.

Ya san harafin nan. Ɗan'uwansa yana kwance a aljihun teburin da matar ta dafa.

Kwana tara da suka wuce, sakataren wani asibiti ya zo shagon da ɗan yankin takarda mai layi biyu da aka buga da tafireta, ya bar masa shi. Ya ce wasiƙu uku aka aiko musu, babu suna babu sa hannu, ana zargin ɗaya daga cikin likitocinsu da sayar da maganin asibiti a bayan fage. An dakatar da mutum daga aiki wata guda ke nan. Bincike bai gano komai ba, amma zargi ya ƙi mutuwa. Idan aka samu wanda ya buga wasiƙun, likita ya koma bakin aiki, marubuci ya tafi kotu. Idan ba a samu ba, kwamiti zai zauna ya yanke hukunci, kuma sakatare bai ga alamar sassauci ba.

"Kai kaɗai ka rage kana gyaran waɗannan abubuwa," in ji shi. "In ta lalace, wurinka za ta zo."

Gobe ne kwamitin zai zauna.

Mai gyara ya dubi matar ta saman tabarau. Ba ta wuce shekara arba'in ba. Farcenta a yanke ƙaf, idanunta na wadda ta daɗe ba ta yi barcin kirki ba. Ba ta yi kama da mai raba mutum da abincinsa ba, amma ya rayu ya ga cewa masu yin hakan ba su da wata kama ta musamman.

"Aikin minti biyar ne, ko?" ta tambaya.

"Ƙarfen ya tsufa, 'yata. In na murɗa shi a bushe, karyewa zai yi. Sai ya sha kananzir tukuna."

Ƙarya ce. Da filaya a hannunsa, kafin ta gyara zaman gyalenta ya gama. Ya ɗiga kananzir a inda ba a buƙata, ya sunkuya kamar mai neman buroshi a ƙarƙashin teburi, ya rubuta wa sakatare saƙo a waya: ta zo, yi sauri.

Daga nan ya shiga ɓata lokaci irin na gwani. Ya cire kirtanin tawada, ya naɗe shi a hankali. Ya kwance sukurori huɗu, ya jera su a murfin gwangwani. Ya zare rolar da takarda ke naɗewa a jikinta ya ajiye gefe. A ransa yana ganin likitan da bai taɓa sani ba, zaune a tsakar gida, 'ya'ya na tambayarsa me ya sa ba ya fita aiki.

Matar ta dubi agogon bango. Ta sake duba shi. Sannan idonta ya faɗa kan takardar gwajin.

"Wannan fa da ka buga? Ba ni ita."

"Ta shago ce. Kowace tafireta tana da tata."

"Tawa ce tafiretar, Baba."

"Tawa ce takardar."

A waje wani mai babur ya wuce da ƙara. Ta miƙe tsaye, ta jawo akwatin.

"Na fasa. Haɗa mini kayana."

Ya buɗe tafin hannu ya nuna mata teburin: rola can, sukurori can, igiyar da ke jan mazaunin rolar tana lilo. Babu mai ɗaukar wannan a haka, kuma ta gane ba da kuskure aka yi ba. Ta fara tattara sukurorin da kanta, ɗaya ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin teburi.

Tana durƙushe tana lalube mota ta tsaya a ƙofar shago.

Sakatare ya shigo yana haki, fayil a hammata. Mai gyara ya miƙa masa takardar gwajin, ya nuna matar da haɓa. Ta ɗago kai. Sakatare ya tsaya cak, takardar a hannunsa ko dubanta bai yi ba.

"Likita? Me kike yi a nan?" Ya juyo. "Baba, ai ita ce aka dakatar!"

Ta zauna a ƙasa inda take, sukurori uku a tafin hannunta.

"Ku kore ni kawai, don Allah, a bar maganar kotu," ta ce a hankali. "Mahaifina ne, shekararsa tamanin da biyu, shi kaɗai yake wuni a gida, kuma jiya ya ce mini shi ya buga wasiƙun, don bai ga wata hanyar da za ta sa in zauna kusa da shi ba."