Mai 'Ya'yan Tarwaɗa a Mararraba

Zauna mana, Tukur, kana sa ni jiri. Kwana huɗu ke nan kana zarya tsakanin shagon masu na'urar nuna hanya da rumfar masu waya. Yau ka ce na'urar za ka ɗaura wa babur, gobe ka ce manhajar taswira ta cikin waya ta ishe ka, yanzu kuma ka zo wa kawunka da wai duka biyun za ka haɗa kowa ya huta. Wa zai huta? Jawo bencin nan in ba ka misali.

An yi wani mutum mai ƙyanƙyasar tarwaɗa a bayan gidansa. Sau uku ƙwan yana lalace masa, a na huɗu Allah ya dafa masa, ya sami 'ya'yan kifi dubu biyu, kowanne kamar ɗan yatsa. Wasu mata a wani ƙauye hayin kogi, da suka haɗa kai suka gina kwamin kiwon kifi, suka aiko ya kawo musu, shi kuwa bai taɓa taka garin ba. Ka san ɗan kifi a jarka ba ya jiran kowa, da ruwan ya ɗumama numfashinsa ya ƙare. Sa'a biyu gare shi, in an taki sa'a, uku. To, mutumin nan irinka ne, ko takalmi ya saya sai ya koma ya taya wanda ya bari. Yana da na'ura, 'yar gwanjo, mai jure rana da girgizar hanya, ba ruwanta da sabis, sai dai taswirar cikinta ta kwana biyu. Yana kuma da waya, ta san titin da aka shimfiɗa jiya, amma ba ta son rana, kuma in sabis ya ɗauke sai ta yi tsit. Ya rasa wadda zai bari. Sai ya ɗaure na'ura a hannun dama na babur, waya a hagu, jarka biyu a baya, ya fita da hantsi yana jin ya fi kowa dabara.

Har mararraba bakinsu ɗaya. A nan na'ura ta ce dama, tsohuwar hanya mai bi ta mashigi, inda ake ratsa kogi da rani. Waya ta ce hagu, ta sabuwar gada. Ya sauke ƙafa ɗaya, ya dubi wannan, ya dubi waccan. Ya ce ai waya ta fi sanin zamani, ya yi hagu. Bai yi nisa ba na'ura ta hau ƙara, don a taswirarta babu titi a wurin, daji take ganin yana ratsawa. Ya ja birki. In ba a gama gadar ba fa? Ya yi kwana ya dawo mararraba, ya kama dama. Ya gangara fadama, sabis ya ɗauke, waya ta daskare. Yana hawa tudu ta farfaɗo, ta ce ya saki hanya, ya koma baya. In an sako ruwa daga dam fa, mashigi ya cika? Ya sake juyawa, haka ya yi ta kai da kawowa. Wallahi mai rake da ke zaune a mararrabar sau huɗu yana ɗaga masa hannu, a na biyar ya bi shi da ido kawai. Shi kuwa ko tsayawa ya tambaya bai yi ba. Kunne ya cika da murya biyu, ina zai sa ta uku?

Rana ta take tsaka. Ya tsaya ya tsoma hannu a jarka, ya ji ruwa kamar na wankan jego, kifayen duk sun taso sama suna buɗe baki. Hankalinsa ya tashi, gumi har cikin ido. A lokacin waya ta riga ta sha rana, ta yi zafi, fuskarta ta yi baƙi. Da ta yi shiru gardama ta ƙare, ya bi na'ura ba musu. Mashigin da ya yi ta tsoro, ruwansa iya idon sawu ne. Ya isa ƙauyen ya tarar da matan a bakin kwami da robobinsu, tun asuba suka cika shi da ruwa suna jira. Ya buɗe jarka ta farko, fari fat, duk sun juya ciki sama. Ya buɗe ta biyu, haka. Babbarsu ta leƙa, ta yi salati, ta tambaye shi ta ina ya biyo. Ya ce ta mashigi. Ta ce, “Ai ko ta gada ka biyo, Malam, a gindin tsamiyar can hanyoyin biyu suke haɗuwa. Kowacce ba ta kai sa'a ɗaya ba.” Nan ya zauna a ƙasa daɓas.

Abin da ke min ciwo a labarin nan, Tukur, ko ɗaya a cikinsu ba ta yi masa ƙarya ba. Da ya bi mai tsohuwar taswira, da kifin na iyo a kwami. Da ya bi wayar, haka. Ka duba inda aikinka yake kai ka. In daji ne, ɗauki na'ura. In gari ne, waya ta ishe ka. Ɗayar kuma ka kashe ta, ka jefa a aljihu don ranar larura. Kuma don Allah ka daina kaɗa min ƙafa a benci. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, taura biyu ba ta taunuwa.