Gwajin Ƙafar Hagu

Ayuba tela ya kai daƙiƙa tara tsaye a kan ƙafa ɗaya, ido rufe, sannan ya dafa bango. Béatrice, ma'aikaciyar jinya, ta rubuta tara. Jiya ashirin da shida ya yi.

Kwana uku ke nan jandarmomi na kawo mata shi da wasu mutum uku ƙaramin asibitin unguwar Djamboutou. Ranar Juma'a, ana masallaci, wani mai babbar riga da rawani ya watsa takardun sukar gwamnati a kasuwar Garoua. Wata mai sayar da gyaɗa ta ga ya tsallake kwata, ƙafarsa ta hagu ta gurɗe, ya miƙe ya ci gaba da gudu kamar wanda ya saba da hakan. Sai aka bi unguwa ana kama masu ɗingishi.

Aikin Béatrice shi ne ta nuna wanda idon sawunsa ya daɗe da saki. Ta buga agararsu da 'yar gudumar roba, ta ja dunduniya, ta riƙe agogo. Kullum wani daban ne ke faɗuwa.

Yau Kwamanda Alphonse ya zo da kansa, ya bar motar fursuna a ƙofa ba a kashe ta ba. Saje Mas'udu, wanda ke rako su kullum yana ba su ruwa a ɓoye, ya jingina da ƙyaure, gumi ya jiƙa masa wuya.

"Madam, suna ɗaya nake so," in ji Kwamanda. "In babu, huɗun duka zan ɗora a mota."

"Ranka ya daɗe, gwajin nan ba abin dogaro ba ne. Yunwa na sauya shi, tsoro ma haka. Ko mai lafiya zai iya faɗuwa."

"Nuna mini."

Ta waiga. Mai lafiya ɗaya ne kusa.

"Saje, don Allah cire takalminka."

Mas'udu ya dubi maigidansa, ya dubi Ayuba da ke dafe da bango. Ya zauna ya kwance igiyar a hankali, rami bayan rami.

Béatrice ta durƙusa, ta tallafi dunduniyar hagu, ta ja.

Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Yaya?" in ji Kwamanda.

"Ƙafar soja ce, lafiya lau," ta ce. "Ba sai ya tsaya ba. Amma suna kam, ba zan sa hannu a kan kowa ba."

Ta miƙa wa Saje safarsa da sauri, ta tsaya tsakaninsa da Kwamanda har ya rufe ƙafar. Abin da ta kwana uku tana nema a ƙafafu huɗu ba ta samu ba, yanzun nan ya zame mata a tafin hannu: gaɓa sakakkiya tun shekaru, da sabon kumburin ranar Juma'a a kanta.