Tsohon Kamshaf

Tun da 'yan bindiga suka sato bakaniken daga garejinsa, aiki ɗaya suka ba shi: ya haɗa injin motarsu.

Kamshaf biyu ne a gabansa, sabo fil da tsohon da ya cinye har ya tsage. Ya saci kallon mai gadinsa, ya zura tsohon, ya ɗaure murfi. Burinsa motar ta mace musu a hanya, a kama su.

Injin ya tashi. Ogansu ya miƙo masa makulli yana murmushi.

"Mun samu wata motar, malam. Wannan ladanka ce, tafi gida. Sai dai kar ka tsaya. Yarana na cikin dajin nan, duk motar da ta tsaya kafin kwalta, wuta suke buɗe mata."