Lamba Tara

Yesenia Barrios ta lashi yatsa ta buɗe shafi na gaba. Littafin hotuna ne mai bangon fata, irin wanda ake zaɓen labule a ciki, sai dai shi wannan gaban mace ake zaɓa. Ba fuska, ba suna, lamba kawai.

A Miami ba a tsufa, sai dai a rasa likita. Shekara shida da suka wuce, a wannan ɗakin na asibiti, Dakta Fontaine ya duba ta na minti biyu, ya girgiza kai irin na makanike, ya ce naman ya yi yawa. Lokacin shafaffe ake yayi, sumul kamar na 'yar tsana. Ta sa hannu a takarda goma sha ɗaya ba ta karanta ko layi ba, aka ɗauki hoto tana rufe da ido don kunya, aka rage.

Aiki ya yi kyau, in ji mai aikin. Sai dai tun ranar wurin ya mutu murus, ba ta jin komai. Mijinta Osmani ya yi haƙuri har ya gaji, ya koma kwana a falo, kwanan nan ma ya fara zancen lauya. Ga shi kuma yayi ya juya, yanzu na halitta ake so. Yesenia ta ƙudurta cewa a nan za ta ceci aurenta, wurin wanda ya ɓata rawar da tsalle.

"Wannan," ta ce, ta danna yatsa kan lamba tara.

Dakta Fontaine ya washe haƙoran da shi ma saya ya yi. Shi bai cika riƙe fuskar mutane ba, ba nan sana'arsa take ba.

"Madam, kina da ido! Bana kowa tara yake so. Jiya kaɗai mata uku."

"Za ka iya yi mini irinsa?"

"Kusa da shi dai. Mu ɗebo kitse a cinya mu cike. Amma sak? Haba. Wannan aikin Allah ne, wuƙa ba ta taɓa shi ba."

"To jin fa, Likita? Zai dawo?"

"Mu kyau muke sayarwa, Madam."

Ta ƙura wa hoton ido cike da hassada. "Wata dai an gama mata komai. Ƙila tana can, sakarya, ba ta ma san darajarsa ba."

Ta sake sa hannu, aka ba ta ranar Alhamis, ta fita da murnarta.

Odalys, tsohuwar nas ɗin da aka sa ta tono hotunan littafin daga tsofaffin fayiloli, ta ɓanɓaro hoton lamba tara don ta maƙala a takardun aikin. Da ta juya bayansa sai ta ga abin da ita da kanta ta rubuta shekara shida da suka wuce: "Yesenia Barrios, kafin aiki."