Ruwan Awukofe

Manzo ya jefar da igiyar guga a bakin rijiya, ya bar shanunsa da ƙishirwa, ya nufi gidan Jaji yana huci. Da safen nan aka gaya masa autansa Yasin ma ya fara tambayar motar Maradi. Manyan 'ya'yansa biyu, Abbas da Lamine, sun riga sun tafi tun bara. Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas, ga gona shimfiɗe ba mai riƙe hauya.

Laifin duk na bakin Jaji ne. A ƙauyensu, can arewa da Mayahi kan hanyar Issawane, shi kaɗai ne ya taɓa zama bakin teku. Yana saurayi ya ɓace shekara bakwai, ya dawo da ƙiba da tsohuwar kalanda mai hoton wani ƙauye. Malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ne ya karanta musu rubutun Faransancin da ke ƙasan hoton: Awukofe, ƙasar Togo. Jaji ya gyaɗa kai ya ce, ƙwarai, nan ne.

Tun daga ranar, duk inda aka ɗora shayi sai Jaji ya kai mutane Awukofe. Kullum kwalekwale uku ne a kan rairayi, ɗaya ja. Kullum akwai itacen kwakwa da ya karkata, da wata mace mai ɗauke da kwanon kifi. Sannan ruwa. Ruwa kwance har iyakar ganin ido, ba guga, ba igiya, ba layi. Yaron da ya tashi yana jan ruwa daga rijiya mai gaba arba'in, ka gaya masa haka, ai ka gama da shi.

Manzo ya tarar da Jaji ƙarƙashin itacen bedi yana sakace.

"Kai ka kai su da baki, kai za ka maido min su da ƙafa," in ji Manzo. "Tashi!"

Jaji ya ce gwiwarsa na ciwo. Manzo ya ce ba da gwiwa mota take tafiya ba. Jaji ya ce ya manta yarensu. Manzo ya ce shekara bakwai ba ta mantuwa. Magana ta kai gaban maigari, shi kuwa maigari, da yake ɗan ƙanensa ma ya bi sahu, ya yanke cewa Jaji zai yi rakiya. Manzo ya sai da rago, ya damƙa Yasin hannun uwarsa Sa'a, ya ce ko kasuwar Mayahi kada ta bar shi ya je.

Kwana uku suna hanya. Maradi, Dosso, Gaya, suka haye gada. Rairayi ya ƙare, ƙasa ta koma ja, itatuwa suka yi ta tsawo har suka rufe sama. Ayaba, rogo, zufa mai maƙale riga a jiki. Manzo bai kalli ko ɗaya da sha'awa ba; kowane ganye kore ƙara masa haushi yake. Jaji kuwa, mai surutun nan, ya yi tsit, ya manna fuska a gilashi kamar yaro. A kowace tasha in Manzo ya ce ya tambayi hanya, sai Jaji ya nemo Bahaushe mai tireda. Wai garuruwan duk sun canza. A ƙarshe Abbas ne ya yi ta kwatanta wa direba ta waya.

Da azahar suka sauka. Ƙauye ne ƙarami, bukkokin ganyen kwakwa, hayaƙin kifi na tashi ta ko'ina, wani irin ruri na zuwa daga bayan gidaje. Kwalekwalen sun fi talatin. Jaji ya ce an samu ci gaba.

Can Manzo ya hango 'ya'yansa a layin masu jan taru, babbar komar kifi, ba riga, sun yi baƙi sun murje, suna amsa waƙar da bai san kanta ba. Igiya dai ce suke ja, ta ma fi ta gida kauri. Ransa ya ƙara ɓaci.

"Wannan kuka bar min gona dominsa? Igiyar gida ba ta ishe ku ba?"

Abbas ya durƙusa ya gaishe shi. "Baba, nan in mun ja, abinci ke fitowa. Kuma Lamine ya yi aure."

Lamine ya sunkuyar da kai. Wata doguwar yarinya mai ciki ta matso ta rusuna. Manzo ya yi faɗa har muryarsa ta dishe: ya ambaci kabarin kakansu da ke gefen gonar, da idon uwarsu da bai bushe da hawaye ba, da shanun da suka rame. Suka saurara da ladabi, suka ce bana dai ya yi haƙuri. Manzo ya san irin wannan haƙurin. Gonar ta tafi.

Ya waiwaya neman wanda zai sauke wa sauran fushin. Jaji ba ya nan. Tun saukarsu bai gaisa da kowa ba, babu kuma tsohon da ya ɗaga kai ya ce masa lale da dawowa. Manzo ya bi sawunsa ta tsakanin bukkoki, yana tattare hannun riga.

Ya same shi a bakin ruwa, tsaye, baki buɗe, hula a hannu. Goran ruwansu ya ƙare tun safe. Kafin Manzo ya kai gare shi, Jaji ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya kamfato ruwan da hannu biyu ya kurɓa.

Ya furzar, ya yi ta tari, ya ɗago da hawaye a ido.

"Manzo," ya ce, "wane la'ananne ne ya zuba gishiri a ciki?"