Gero a Gindin Karan Masallaci

Tun da aka kafa dokar, duk dutsen da na'ura ba ta shaida tsiron daji a kansa ba, injin fasa dutse ke cinye shi. Shi ya sa ni da Goggo Tasalla mai magani muka hau dutsen bayan garinmu da sassafe, neman karan masallaci, wani tsiron daji da take magani da shi.

Na ɗora na'urar a kan ɗan tsiron. Na'urar ta ce, "Gona."

Na sake ɗorawa. "Gona."

"Goggo, wace irin gona kuma a kan dutse?"

Sai na lura gero ya tsiro a gindinsa.

"Shekara arba'in ina zuba masa gero kafin in tsinka," in ji Goggo. "Haka kawai za a taɓa shi, ba gaisuwa?"

Can ƙasa, aka tayar da injin.