Ƙafar Mai Tallan Citta

"Tsaya, mayar baya," in ji Baba.

Sati uku ina haɗa katun na tallan lemun citta a kwamfuta. Na ɗauko matar da ya zana a allon wani shago a Kafanchan tun ba a haife ni ba, na sa ta tafiya. Ƙafarta ta hagu a karkace take, sai na daidaita ta don kada a raina aikinsa.

"Wa ya ce ki gyara ƙafan?"

"Na ɗauka hannunka ne ya goce, Baba."

"Haka mamanki ke takawa."

Ina wata biyar ta rasu, ko hoto ba ta bari ba. Na mayar da ƙafar yadda take. Sai ga ta tana ɗingisowa wajena.